Abin da ke Gefen Sikirin

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga wadda kewarki ta dama, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Ya gwiwar taki? Kin kai an duba ta, ko har yanzu kina shafa mata man zafi kina cewa da sauƙi? Mu nan muna nan, alhamdulillahi, in dai wannan ma zama ne.

Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Na haɗa shi da ɗan abin da na tara, kuma gara ki ji daga bakina inda za su tafi. Kwamfuta zan haɗa wa ɗanki na wajena, irin ta tebur, wadda ake sayen kayanta ɗaya-ɗaya a harhaɗa. An ce ta fi araha a haka, ta kuma fi ƙarfi.

Wata goma sha huɗu ke nan tun da kamfanin tallan nan suka sallame shi, suka karɓe kwamfutarsu. Ban taɓa gaya miki dalili ba saboda kunya. Tallar sabulu aka ba shi ya tace, ya miƙa ta da wani lebura tsaye a gefen hoton riƙe da tsani, har aka haska a talabijin. Suka yafe masa. Bayan sati uku ya sake miƙa wata, igiyar makirfo na reto a kusurwar sama. Ni da na shekara ashirin da biyu a maɗaba'a ina farautar waƙafi da ɗigo, ni ce na haifi wanda bai ga ƙato da tsani ba.

Tun daga ranar ya shige ɗaki. Mutum ɗan shekara ashirin da bakwai, fitila a kunne da rana tsaka, waya manne a hanci. Rana na yin sanyi ba ya ko leƙa ƙofa. Mai kantin ƙasan benenmu ya kawo min ƙara, wai ya miƙa masa hannu ya wuce shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Kofunan gilashina shida, saura biyu. In na yi faɗa sai ya ce in yi haƙuri, da muryar nan tasa mai sanyi da ke sa in ji kamar in jefe shi da ragowar biyun.

Matar da ke da situdiyo a ƙasan maɗaba'armu ta ce in yana da injin kansa za ta riƙa ba shi aikin tace bidiyo yana yi daga gida. Ta ba ni zuwa ƙarshen watan gobe, don ɗan ƙawarta ma yana jiran gurbin. Wannan ce ƙofar da ta rage mana, Yaya. In ta rufu ban san wata ba. Na gaya masa, ya ce zai rubuto kayan da ake bukata. Wallahi a zama ɗaya ya rubuta, har da 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Rabon da in ji haka tun babansa na da rai.

To kin san halina, ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Sati guda na yi ina bin takardar nan layi-layi, ina bincike a waya lokacin hutun rana, har abokan aikina suka fara tambaya ko sana'a zan canja.

Ga abin da na gano. Mai tace bidiyo yana bukatar furosesa mai ƙarfi, ita ce ƙwaƙwalwar injin. Yana bukatar ram mai yawa, shi ne kamar faɗin teburin da ake baza aiki a kai. Sai ma'aji babba, don bidiyo ci ne da shi, sai sikirin mai faɗi wanda ba ya ƙarya a launi. Ɗanki fa? Furosesa ta 'yan makaranta. Ram na ƙwauro. Ma'aji ɗaya, ɗan tsurut. Sikirin ƙarami kamar faranti. Kibod mai fitilu a ƙarƙashin haruffa, sai ka ce motar haya ta ci ado. Sannan fiye da rabin kuɗin ya zuba a kan abu guda, katin hoto, wani na hannu mai fanka uku. Shi ne abin da 'yan wasan gem ke mutuwa a kai.

Wannan ba takardar mai neman aiki ba ce. Takardar wanda ya shirya tsufa a kan kujera ce yana harbin dodanni. Kuma ya miƙo min ita da hannu biyu, yana ganin tsohuwa ce, ina za ta gane. Ƙaryar ba ta ƙona min rai kamar rainin ba.

Ban ce masa uffan ba. Kuɗin ba za su ɗauki wasa da aiki duka ba, kuma ni ce mai zuwa kasuwa.

Ki gaishe min da maigidan, ki ce wa yaran ina nan ina jiran ranar da za su tuna suna da wata uwar.

Taki har kullum,
Barkono

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan ɗaki ɗaya. Na ji daɗi da kika ce likita ya ga gwiwar. Ki sha maganin har ya ƙare, ban da halin nan naki na ajiye rabi saboda gaba. Ina fatan kowa lafiya.

Na je kasuwar kayan lantarki ranar Asabar. Hawa na uku, wani shago da mutum biyu ba sa gilmawa a ciki, mai shi ana ce masa Farfesa, da tabarau a goshi wanda ban ga ya sauke shi kan ido ba ko sau ɗaya. Na fara ba shi takardar ɗanki. Ya karanta ya yi fito, ya ce wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake so. Na ce ni ma na san abin da nake so, na miƙa masa tawa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, “Mama, ke za ki hau injin ko shi?” Na ce ni zan biya.

Ya ɗauka ya samu kaza. Ya jawo wani akwatin wuta, mai raba wa injin lantarki, marar suna, wai shi kowa ke saye, a rage kuɗi. Na ɗaga shi a hannu, ba nauyi, kamar gwangwanin da aka shanye. Na ce na karanta cewa irinsa in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja duk abin da ke cikin injin. Ya yi dariya ya ce wa maƙwabcinsa ya zo ya ga tsohuwar da ta fi shi karatu, sannan ya shiga ciki ya fito da na kirki. A nan kaɗai takardata da ta ɗanki suka yi baki ɗaya.

Yana ɗaure kaya ya sake duba ta ɗankin, ya ce abu ɗaya ya ɗaure masa kai. Wai mai sayen irin wannan kati ba ya sayen ƙaramin sikirin, kamar a ɗora wa keke injin tirela ne. Na ce kuɗin ne suka ƙare a wajen abin wasa, shi ke nan. Na sayi furosesa ta gaske, ram ninki biyu, ma'aji biyu, kibod baƙi marar kwalliya, da ɗan katin hoto daidai talaka. Abin da ya rage na zuba shi a sikirin, mai faɗin tagar kicin ɗina. Da ƙyar ya shiga tasi.

A teburin cin abinci ya buɗe kwalayen, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya kai shi dab da fuska ya karanta, ya ajiye. Ina tsaye na gama shirya amsoshina, na jera su kamar sojoji. Da ya zo kan kwalin katin ya daɗe riƙe da shi. Sai ya ce an gode, Allah ya ƙara arziki. Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya yi min rashin kunya da na fi samun barci.

Amma hannunsa, Yaya! Ya dasa furosesar kamar mai sa wa jariri kwalli. Ya tura ram ɗin har suka ce ƙas, ya bi wayoyin ya ɗaure su a baya tsaf. Sai dai ya sa na riƙe masa tocila a cikin akwatin, alhali ga rana ta cika falon. Wata 'yar ƙusa ta faɗi, tana nan kusa da gwiwar hannunsa tana ƙyalli, shi kuwa yana ta laluben tebur kamar mai neman allura a yashi. Na ɗauka na dangwara masa, na ce in ya ga dama ya buɗe idonsa.

Kwamfutar ta tashi a bugun farko. Ya zauna gaban sikirin ɗin yana juya kai daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai kallon mota na wucewa. Na ce da sannu zai saba da girma.

Matar situdiyo ta aiko da aikin farko, tallar wani shagon kujeru. Ki taya mu da addu'a. Na yi abin da ya dace, kuma ban san dalilin da ya sa nake ta maimaita wa kaina haka ba.

Gaisuwa ga mutanen gida.

Ƙanwarki,
Barkono

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki yafe min gajerar gaisuwa. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki ba kowa ya karanta miki.

Aikin ya tafi. Tallar minti biyu ce, aikin kwana biyu, ya kwana tara a kanta. Ranar Talata matar situdiyo ta kira ni ƙasa ta kunna min. Launi ya yi kyau, sauti ya yi kyau, amma lambar wayar shagon da ke kusurwar ƙasa rabinta ya fice daga hoton. Ta yi ta ba ni haƙuri, abin da ya fi zagi ciwo, ta ce ta riga ta kira ɗan ƙawarta.

Ban san yadda na iso gida ba. Na same shi a gaban injin, na wanke shi tas. Na tono masa tun daga tsani har kofuna. Na ce na tsaya a gaban 'yan kasuwa sun yi min dariya saboda shi. Na ce wannan sikirin ko makaho aka zaunar a gabansa sai ya ga lambar.

Ya tashi, ya dafa bango ya shiga ɗaki, ya sauko da wani kwali daga saman durowa, ya zaro ambulan ya ba ni. Takardar asibitin ido ce. Kwanan watan da ke kanta wata goma sha uku ne da suka wuce.

Sau uku na karanta, ni mai gyara wa marubuta rubutu, ban gane ba sai da muka je asibitin tare jiya. Likitar ta ce can bayan ido akwai wata shimfiɗa mai karɓar haske, tasa tana mutuwa daga gefe tana matsowa tsakiya. Ta naɗe takarda kamar bututu ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Na ga hancinta da bakinta, ban ga kunnuwanta ba. Ta ce kusan haka yake gani yanzu, in haske ya ragu kuma ko hakan babu, kuma bututun ƙara matsewa yake. Na tambayi magani. Ta ce ba ta da abin da zai dawo da wanda ya tafi, sai dabarun zama da abin. Na tambayi shekara nawa. Ta ce ba ta yi wa kowa alkawarin lamba.

Sai ta tambaya ko akwai wanda ya makance a danginmu. Na ce mahaifinmu, amma nasa tartsatsin walda ne, kowa ya sani. Ta ajiye biro.

Yaya, ba walda ba ce. Kin tuna yadda Baba ya fara? Tuntuɓe da magariba, cin karo da bakin ƙofa, Inna na cewa ba ya kallon gabansa. Muka ɗora wa sana'arsa laifi muka huta. Ke kika zama mai jan hannunsa, ni aka ɗora ni a benci ina shekara goma sha ɗaya ina karanta masa jarida, daga nan duk littafin da aka samu aro. Duk karatun da nake taƙama da shi daga makantar Baba ya fito, amma bai ishe ni in gane ta ba da ta dawo ta zauna a falona tana fasa min kofuna.

Likitar ta ce irin wanda gwaji ya nuna a ɗanki, uba mai shi yana ba duk 'ya'yansa mata. Su galibi ba sa sanin suna ɗauke da shi, amma kowane ɗa namiji da suka haifa yana iya samu, yana iya tsira, rabi da rabi. Ni na ba shi. Tun a bara aka gaya masa haka, shi ya sa ya ɓoye. A tasi na tambaye shi me ya sa. Ya ce ya san ni, zan kai kaina kotu in yanke wa kaina hukunci ba tare da lauya ba.

Da muka dawo na ɗauko takardar kayan nan na sake karantawa. Ƙaramin sikirin, don ya shiga cikin abin da ya rage masa. Kibod mai fitilu, don ya ga haruffa. Ram kaɗan, ma'aji ɗan tsurut, don ya san aikin ya ƙare masa tun kafin in fara neman ƙofa. Ko ƙarya ɗaya babu a cikinta. Ni ce na ɗauki jan biro na gyara rubutun da ba shi da kuskure. Shi kuma ya zauna kwana tara yana bin wannan ƙaton sikirin lungu-lungu don kada ya kunyata ni.

Kina da maza biyu. Ki kai su a duba idonsu, 'yar autarki ma a yi mata bayani. Kada ki jira.

Ki yi mana addu'a, ni bakina ya yi nauyi.

Ƙanwarki

*

Yayata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa, ina gaida maigidan. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye.

Kin ce na Baba walda ce, ke ce babba, kin fi ni sani. Kin ce kada in yi wa 'ya'yanki mugun baki, idonsu ras, in bar wa Allah. Na bar masa, Yaya, tun a tasi. Amma ni ma wata goma sha huɗu na yi ina da bayani a kan komai: lalaci ne, girman kai ne, waya ce. Bayanina ya fi naki tsari, kuma ga inda ya kai ni. Ki kai su. Ba zan daina rubuto miki wannan ba har ki gaji ki toshe min baki da takardar likita.

Na koma wajen Farfesa. Yana hango ni ya fara kiran maƙwabcinsa, ya ga fuskata ya fasa. Na gaya masa a taƙaice. Karon farko ke nan da na ga tabarau ɗin ya sauko daga goshi, ya riƙe shi a hannu yana ta gogewa da riga. Katin mai fanka uku da ke shagonsa an saye shi kwana biyu bayan zuwana. Ya zaga benen sama da ƙasa ya samo wani mai fanka biyu, bai kai wancan ba. Ya karɓi rabin ram ɗin da ma'aji ɗaya da ƙaramin katin a madadinsa, ya ɗora min kibod mai fitilu ya ce kada in yi masa gardama. Sikirin ne ba ya karɓuwa sai da kwalinsa, ni kuwa sarkin tsafta tun ranar farko na ba masu kwasar shara.

Ranar Lahadi da hantsi ya sa katin, ina riƙe da tocila, wannan karon bakina a rufe. Sai da na ga wasan na san ban tambaye shi ba ko sau ɗaya wane iri ne. Babu bindiga, babu dodo. Wani mutum ne kawai yake tafiya. Tudu, ciyawa mai kaɗawa, kogi, can gaba teku. Ya ce shekara guda ya yi yana kallon wasu na yinsa a 'yar wayarsa. So yake ya gan shi da kyau, ganye ɗaya-ɗaya, tun da sauran ramin leƙawa. Ƙarfin katin ke nan, ashe, shi ke zana ganyen. Da wannan da na samo, itatuwan nesa sun ɗan dusashe. Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ai idon ma ba zai bambance ba. Da wuƙa ya soka min da ta fi sauƙi.

Ba ya sauri. Yakan kai mutumin bakin ruwa ya tsayar da shi, ya bi sikirin ɗin da kai a hankali daga hagu zuwa dama, kamar mai haddace shafi. Ina zaune a bayansa ina tafasa, ban san da wa zan yi ba. Da Baba da ke kwance a kabari? Da Inna? Na saba in fushi ya taso in sami mai shi in sauke masa. Wannan ba shi da kowa sai ni, ni ɗin ma an hana ni, don ya ce in ya sake jin na ce laifina ne zai kashe injin.

Can wata 'yar ƙara ta yi, alamar rubutu ya fito. Ina ganinsa ƙuru-ƙuru a kusurwar ƙasa, layi uku. Ya nema sama, ya nema gefe, kafin ya iso ya ɓace. Ya sake fitowa, ya sake kuɓuce masa. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Umma, me aka rubuta?”

Na buɗe baki, sai ga muryar nan ta fito, wadda na ajiye ranar da aka fita da Baba. A hankali, kowace kalma daban, ana tsayawa a waƙafi. Ban neme ta ba. Shekara talatin tana nan tana jira.

Ya saurara har na kai aya. Ya ce in matso da kujerata kusa, akwai sauran tafiya.

Na matso.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu ikon ɗauka.

Ƙanwarki,
Barkono